Ƙwaryar Ƙashi

A Dundee, ran Talata, ƙarfe tara,
ruwa na tsiyaya a jikin taga,
gajimare ya haɗiye kogin Tay har da gadarsa.
Dakta Kinnaird ta miƙo min ƙashin ƙugu
da hannu biyu, yadda ake miƙa jinjiri,
ta ce: riƙe da kyau, mutum ce.

Na zaci zai yi nauyi.
Ko ƙwaryar fura ta fi shi.

Uku ne a kowane ɓari, in ji ta.
A yarinta kowa da ɗakinsa,
guringuntsi ne zanar da ke tsakaninsu.
Na sama mai faɗi, kunnen giwa,
nan zani ke samun makama,
nan uwa ke ɗora ɗa tana juya miya da ɗaya hannun.
Na ƙasa shi ke shan wuyar zama,
a benci, a bayan mota, a zaman tahiya.
Na gaba kuwa, na mara,
ya miƙa hannu ya gaisa da ɗan'uwansa na can gefe,
bai sake sakin hannun ba.
Sai an balaga su rushe zanar,
su zama gida ɗaya, ko ɗinkin ba ka gani.

Mahaɗarsu ɗan rami ne mai santsi.
Mutanen da suka raɗa masa suna
ƙoƙon ruwan tsami suka gani.
Ni turmi na gani,
kan ƙashin cinya taɓaryarsa,
taɓaryar da ba ta daka, sai juyi,
shekara tamanin ba ta fita turminta.

A baya, biyar sun narke sun zama dutse guda,
da ɗan guntun jela a ƙarƙashi
wanda ba ka tuna shi sai ka zame a ƙanƙara.

Ta zana siffa huɗu a allo:
mai zagaye kamar bakin tulu,
mai kamar zuciya, matsattse daga gaba,
mai tsawon ƙwai,
da wanda ya baje kamar an zauna kan faifai.
Sai ta goge da gefen hannu,
ta ce tsohon lissafi ne,
mata ba su cika zama cikin akwatin da aka zana musu ba.

Gwaggo Tabawa ta faɗo min a rai.
Ba ta taɓa ganin ƙashi tsirara ba,
amma in ta aza tafi a kwankwason mai ciki
takan ce: ƙofar nan da faɗi, ku ɗora ruwa.
Wata rana kuma ta yi shiru,
ta ce a nemo mota tun da rana,
a kai ta Funtuwa.

Na juya ƙwaryar da ke hannuna.
Lamba ce kawai a jikinta, da tawada shuɗiya.
Turmin hagu ya cinye, ya yi ƙyalli
kamar tsohon dutsen niƙa.
Benaye nawa ta hau da jakar cefane?
'Ya'ya nawa suka bi ta nan, kai a gaba,
suna can yanzu suna jiran bas a cikin ruwan nan?
Na so in ce mata sannu.
Na faɗa a hankali, kada ɗaliban su ji.

Da yamma, a hawan Hawkhill,
na dafa ƙuguna ta saman kwat,
na ji turmi biyu suna aikinsu ba gunaguni.
Na kira gida.
Inna, yaya ƙugun?
Da sauƙi, ta ce, kamar kullum.
Amma na ji ƙarar sandarta a daɓe,
na ji numfashin da ta ja kafin ta zauna,
kuma yanzu na san daidai inda yake ci,
zan iya aza yatsa a kai.